Makamin da fari ke ƙwace wa gyaɗa

A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Binciken da ya biyo baya ne ya gano gubar afalatokzin, wadda fumfunar Aspergillus flavus ke fitarwa. Tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma suya ba ta kawar da ita, ko a ƙuli-ƙuli.

Abin da malamin gona mai wannan rubutu ke yawan jaddada wa manoma shi ne, gyaɗa ba ta zama a ci ta da yaƙi. Da zarar fumfuna ta taɓa ƙwayar da ke da danshi, sai ƙwayar ta soma haɗa wasu sinadaran kare kai, irin su rezberatirol, wanda ake samu a inabi ma, da 'yan uwansa da ake kira arakidin. Su ne ke dakushe girman fumfunar.

Sai dai fa wannan makami da ruwa yake aiki. Masana a cibiyar binciken gyaɗa ta Dawson, a jihar Jojiya ta Amurka, sun nuna cewa idan ruwa ya ɗauke a makonnin ƙarshe kuma ƙasa ta ɗau zafi, ƙwaya takan bushe har ta kasa yin sinadaran, alhali ɗan danshin da ya rage ya ishi fumfuna. Ƙananan ƙwayoyin da ba su ƙosa ba su ne suka fi shiga uku. In kuma gara ta huda kwanso, ko fartanya ta sare shi wajen cira, an buɗe wa fumfuna ƙofa ke nan.

Shi ya sa malamin yake ganin kuskure ne a ɗora laifin duka kan ajiya. Sau da yawa tun a gona aka yi asarar. Shawararsa ita ce a yi shuka da wuri, a nemi iri mai saurin nuna cikin jerin SAMNUT na Samaru, a cire gyaɗa da ta nuna, a shanya ta kan tabarma ko tamfol. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan, fumfuna marar guba da ake watsawa a gona don ta mamaye wurin mai gubar.

Tsamurarrun ƙwayoyin da aka tsince kuwa, waɗanda a gidaje da yawa ake nikawa a zuba a miya ko a watsa wa kaji, a binne su.