Madubin Bindiga Ga Mai Koyon Wasan Harbi

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila ana yin gasar harbi. Ba dabba ake harbi ba. Takarda ake kafewa a nisan mita 50 ko 100. Wanda harsashinsa ya fi kusa da tsakiya shi ya ci.

A bisa bindigar ana ɗaura madubi mai jawo nesa kusa. Akwai lamba a jikinsa, misali 3-9x40. Wato yana ƙara girman abu daga sau 3 zuwa sau 9. Lamba 40 kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 40. Gilashi mai faɗi ya fi tara haske.

Sabon shiga yakan ruɗu da babbar lamba. Madubi mai arha da aka rubuta wa sau 24, sau da yawa dishi-dishi ake gani a cikinsa. Kuma hannu ya ɗan motsa, sai takarda ta yi ta rawa. Gara 4x32 mai gilashi garau.

A duba tazarar ido da madubi, ta kai inci 3. In ta gaza, bindiga mai ƙarfi takan zabura baya, madubi ya fasa gira.

Kada a yi rowa wajen zobban ɗauri. In sun yi sako-sako, saiti ya ɓaci, kuɗin harsashi ya tafi a banza.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi.