Idan Injin Mota Ya Buga

Direban da injinsa ya buga a hanyar Minna zuwa Bida, wajen Gidan Kwano, kada ya sake tayar da shi. Sai a jawo motar zuwa wurin bakanike, ya kwance injin ya duba. In gangar injin ba ta tsage ba, gyara ya fi sauƙi, musamman ga Peugeot 504 wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Motar tsere kuwa, galibi sai an yiwo odar kayanta daga ƙasashen waje, ga tsada ga jira. Nan sayen inji na hannu kan fi. Amma tilas a gano sanadin bugawar tukuna, ƙarancin baƙin mai ne ko yoyon lagireto, don kada wanda aka ɗora shi ma ya buga.