Yadda Ake Dasa Zogale Don Ƙawata Tsakar Gida

A ƙasar Suwidin suna ji da wata bishiya mai farin ɓawo da tsattsagaggen ganye, birch ta Ornäs, wadda aka gano a 1767. Ita sai ƙasar sanyi. Zafin bazarar garin Kamarawa na ƙasar Gobir, da kan wuce digiri 40, ba zai bar ta ba. Mai son irin wannan ado a ƙasar Gobir, zogale ya ishe shi: ganye ƙanana, farin fure mai ƙamshi, ga kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Da farko ka zaɓi wuri mai rana, taku uku daga katanga, inda ruwa ba ya kwanciya. Jigawar Isa da Sabon Birni ta dace da shi, amma laka mai riƙe ruwa ruɓar da saiwarsa take yi.

Ka haƙa rami kamu ɗaya, zurfi da faɗi. Ka cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan toka saboda gara, ka mayar. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi.

Idan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni, ka sa ƙwaya biyu, zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako biyu za su tsiro. Ka bar mai ƙarfin. Ana kafa reshe ma, kuma ya fi saurin girma, amma ni iri na fi so. Na iri yana sakin doguwar saiwa can ƙasa, shi ya sa guguwar farkon damina ba ta cika tumɓuke shi ba.

Ran da ka shuka, ran nan za ka kewaye shi da ƙaya. Jar akuya ba ta ɗaga wa zogale ƙafa.

Sai babban aikin, wanda mutane da yawa ke tausayin yi. In ya kai ƙugu, ka tsinke kansa. Rassan da suka fito su ma in sun kai kamu, ka datse bakinsu. Wanda aka ƙyale sai ya miƙe siriri kamar gora, ganye can sama, ba inuwa ba kyan gani. Wanda aka datse kuwa yakan buɗe, ya yi lema, har yara su kai hannu ga ganyensa.

Da hunturu zai zubar da ganye, kada ka ɗauka ya mutu. Bokiti ɗaya sau biyu a mako ya isa, ko da ruwan alwala ne, ban da mai sabulu. Kafin ruwan farko ka sake yi masa aski daidai kafaɗa.