Mudun Mai Bin Yesu

Karatu: Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Amos 8:4-7, Luka 19:1-10
Ayar haddacewa: Karin Magana 11:1

Darasinmu na wannan mako zai kai mu kasuwa. Da yawa cikinmu a can muke neman abinci: wani yana awon hatsi, wata tana sayar da man gyaɗa, wani mahauci ne, wani tela. Wanda ba ya sayarwa kuma yana saye. Tambayar da ke gabanmu ita ce: mudun da ke hannun mai bin Yesu, yana cika kuwa?

1. Allah yana duban awo

Wani zai ce harkar mudu da sikeli ƙaramar magana ce, ba ta kai a kawo ta cikin sujada ba. Amma Allah da kansa ya sa ta cikin shari'ar da ya ba Musa. A Maimaitawar Shari'a 25 ya hana Isra'ilawa riƙe duwatsun awo iri biyu cikin jaka, babba da ƙarami, ya kuma hana su ajiye mudu iri biyu a gida. A zamanin nan kuɗi azurfa ce da ake aunawa a ma'auni, ana sa dutse a gefe ɗaya. Mai ha'inci yakan fito da dutse mai nauyi in zai karɓa, ya fito da marar nauyi in zai bayar. Ka lura, an hana ko ajiye su ma, tun kafin a kai ga yin amfani da su.

A Littafin Firistoci 19:35-36, bayan umarnin awo na gaskiya, Allah ya tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga Masar. Wato mutanen da aka fansa daga zalunci bai kamata su juya su zalunci maƙwabtansu ba. Mu ma an fanshe mu, da jinin Almasihu. Saboda haka maganar ta shafe mu.

2. Masu sujada da bakin mudu a lotse

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekowa a ƙasar Yahuza. Allah ya aike shi mulkin arewa, wato Isra'ila, a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Lokaci ne na wadata, amma wadatar tana hannun 'yan kaɗan. A sura ta 8 ya bayyana halin fataken hatsi na lokacin. Suna kiyaye Asabar, ba sa buɗe rumfa, amma zuciyarsu tana ƙagara ranar ta wuce su koma ciniki. In sun koma sai su rage girman mudu, su ƙara nauyin dutsen da suke karɓar kuɗi da shi, su murɗe ma'auni, su haɗa ƙaiƙayi da dattin masussuka cikin alkama su sayar. Talakan da bashi ya ci kuwa, sukan saye shi bawa a bakin kuɗin takalmi. Ubangiji ya rantse ba zai manta da ayyukan nan ba.

Ɗan'uwa, mutanen nan ba su daina zuwa wurin sujada ba. Abin tsoron ke nan. Mutum yana iya rera waƙa ranar Lahadi, ya ba da baiko, ran Litinin kuma ya ɗauki mudun da aka bubbuge gindinsa.

Mun san yadda ake yi a wurarenmu. Da kaka a sayi gero wurin manomi da babbar tiya, da damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, a sayar masa da ƙarama. A jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. A ƙara ruwa cikin nono, a sa yatsa a kan sikelin nama. Tela ya rage ƙyallen mai kaya. Mai saye ma bai kuɓuta ba: Karin Magana 20:14 ya yi zancen wanda yake kushe kaya don a karya masa kuɗi, in ya tafi kuma ya yi ta fahariya da arhar da ya samu. Haka nan wanda ya sa ɗan ƙodago aiki a gona ya hana shi haƙƙinsa. Yakubu 5:4 ya ce kukan irin waɗannan ma'aikata yana kaiwa kunnen Ubangiji.

3. Mutumin da ya gyara mudunsa

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai arziki kuwa. Masu wannan aiki suna yi wa Romawa hidima, an kuma san su da karɓar fiye da abin da aka ƙayyade. Shi ya sa Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗe su a Luka 3:12-13 su tsaya a kan ƙa'ida. Da Yesu ya ga Zakka a kan itace, sai ya kira shi da suna, ya ce zai sauka a gidansa. Jama'a suka yi gunaguni. Zakka kuwa ya miƙe ya yi alkawari biyu: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Shari'a ta ce wanda ya cuci wani ya amsa laifinsa, ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar (Littafin Ƙidaya 5:6-7). Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne (Fitowa 22:1). Zakka ya ɗora wa kansa mai tsananin, ba wanda ya tilasta shi.

Dubi yadda abin ya bi da bi. Yesu ya fara karɓarsa, sa'an nan gyara ya biyo baya. Cika mudu ba ya sayen ceto, gama ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya. Amma inda ceto ya shiga, hannu yakan sake. Tuban da bai taɓa aljihu ba, a sake dubansa.

4. "Kowa haka yake yi"

Wataƙila kana cewa, "In na cika mudu riba ba za ta fita ba, ga yara, ga kuɗin makaranta." Wannan damuwa ce ta gaske. Maganar Allah ba ta hana riba ba, ruɗi ta hana. In kaya sun yi tsada, faɗi kuɗinsu a fili, ka cika awo. In akwai aibi a jikin kaya, nuna wa mai saye. Mai yiwuwa wasu su wuce ka su tafi inda suke gani ya fi arha, wata rana ka koma gida da 'yar riba. Ba mu yi maka alkawarin za ka yi arziki ba. Karin Magana 16:8 ya koya mana kaɗan da aka samu da adalci ya fi mai yawa da aka tara da zalunci. Yesu kuma ya tabbatar mana a Matiyu 6 cewa Ubanmu ya san muna bukatar ci da sutura.

Ka tuna kuma, maƙwabcinka na rumfa mai yiwuwa bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma kullum yana ganin awonka. In ya kama ka da algus sau ɗaya, da wane baki za ka yi masa zancen Yesu? Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin yi a wannan mako

Ɗauki mudunka, ko sikelinka, ko littafin bashinka, ka duba shi a gaban Allah. In kana da awo iri biyu, rabu da na ha'incin yau, kada ka ajiye shi. In ka tuna wanda ka cuta, je ka same shi, ka faɗi gaskiya, ka biya ko da kaɗan kaɗan ne. In ya rasu, nemi iyalinsa. In ka rasa yadda za ka yi, nemi shawarar fasto ko wani dattijon ikkilisiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Allah ya hana ko ajiye mudu iri biyu a gida?
2. A cikin sana'arka, ina ne gwajin tauye awo ya fi ƙarfi?
3. Mene ne ya canza Zakka, tsoron mutane ko zuwan Yesu gidansa?

Addu'a

Ya Uba, kai mai gaskiya ne, ba ka taɓa tauye mini alherinka ba. Ka gafarta mini inda na cuci ɗan'uwana a ciniki ko a wurin aiki. Ka ba ni ƙarfin hali in gyara, in kuma dogara gare ka don abincin kowace rana. Cikin sunan Yesu. Amin.