Amsoshin Wasiƙunku: Tsohuwar Akori-kura a Hannun Sabon Direba

Wasiƙar farko a shirin yau ta fito ne daga wani matashi a Zariya wanda bai daɗe da karɓar lasin tuƙi ba, yana tambaya ko ya dace ya fara da tsohuwar akori-kura, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ganin cewa kuɗinsa bai kai na sabuwa ba, kuma burinsa shi ne jigilar hatsi zuwa kasuwannin ƙauye.

Amsar ita ce ya dace, muddin ya zaɓi motar da ake samun kayan gyaranta da masu gyaranta a kusa. Idan mutanen Arewa suka ambaci tsohuwar akori-kura, galibi suna nufin Peugeot 404 ko 504, samfuran da suka fara fitowa a Faransa a 1960 da 1968, kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Wannan ne ya sa da wuya a shiga gari a rasa bakaniken da ya san cikinta, kuma ana samun kayanta na gwanjo a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Haka ma Toyota Hilux, wadda Japan ta fara ƙerawa a 1968. Amma Ford F-100 da Chevrolet C10, waɗanda masu sha'awar tsofaffin motoci ke rububi a Amurka, ba su dace da mai neman abinci a nan ba, domin ƙaramin ƙarfe guda kan iya ajiye su watanni.

Ranar ciniki, wajibi ne mai saye ya tafi da bakanikensa, kada ya dogara da bakin dillali. Abin da za a fara dubawa shi ne shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da inji da jikin mota, domin ana iya sauya inji, amma shasin da tsatsa ta ci ko aka yi masa walda bayan haɗari ba ya komawa daidai. Sannan a tayar da injin yana sanyi, a lura da salansa, saboda hayaƙi mai shuɗi alama ce ta inji mai ƙona baƙin mai. A duba lagireto ko yana yoyo, a gwada kuloci da giya a kan hawa, a taka birki a ga ko motar tana karkata gefe guda. Mai saye ya kuma yi lissafin mai, domin galibin waɗannan motoci suna aiki ne da kabireta, na'urar da ke gauraya fetur da iska, wadda ta fi tsarin zamani sha, ga shi farashin fetur ya hau tun da aka janye tallafi a 2023. A ƙarshe a tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardu, kuma inshora da takardar lafiyar mota suna aiki.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Maraɗi, wadda ɗanta ya gaji irin wannan mota, tana fargabar sakin sa a kan titi. Fargabar wannan uwa tana kan hanya, domin an tsara waɗannan motoci ne kafin yaɗuwar jakar iska mai kare direba yayin karo, da birkin da ke hana tayoyi cijewa, kuma sitiyarinsu yana da nauyi. Bugu da ƙari, tayoyin baya ne ke tura motar, don haka idan babu kaya bayanta yakan yi sakayau, ya zame a kwana, musamman da damina, yayin da lodin da ya wuce kima ke tsawaita tazarar da take bukata kafin ta tsaya. Shawara ita ce a sa mata bel mai kyau da sababbin tayoyi, a gyara birki da fitilu, sannan yaron ya yi watanni yana tuƙi da rana tare da gogaggen direba kafin ya ɗauki kaya ko ya hau babbar hanya.

Tsohuwar akori-kura mai lafiyayyen shasi tana iya riƙe gida, amma ba ta yafe wa mai gaggawa. Shirin yana kira ga iyaye da matasa su ware kuɗin birki da taya kafin na fenti, su kuma ci gaba da aiko da tambayoyinsu. Allah ya kiyaye hanya.