Yadda Ake Warware Rikici da Mai Gyara Idan Ya Lalata Firiza

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, firiza jari ce. Da ita mata da yawa ke sayar da ƙanƙara, zoɓo da kunun aya, musamman da bazara da watan azumi. Idan mai gyara ko mai haɗa sola ya ƙona mata kwamfireso, abincin gida ya taɓa. Ga matakan da ake bi a karɓi haƙƙi ba tare da an ɓata zumunci ba.

Da farko a zare firizar daga wuta, kada kowa ya sake kwance ta. A ɗauki hotonta, a adana rasit, saƙonnin waya da shaidar kuɗin da aka tura.

Na biyu, a kira wani mai gyaran da ba abokin na farkon ba, ko daga Kwanar Dangora ko daga cikin Kano, ya duba a gaban shaidu biyu. Shi zai tantance ko wutar KEDCO ce ta zo da ƙarfi, ko janareta ne, ko an haɗa waya ba daidai ba, ko an huda bututun gas. Idan matsalar daga wuta ce, mai gyara ba shi da laifi.

Na uku, a san hukunci kafin a buɗe baki. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da ya tafi da kayan mutum shagonsa shi ke lamuninsu, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, sai fa idan ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa suka lalace ba. Amma idan a gidan mai kaya ya yi aikin, ko a gaban idonsa, ba ya biya sai an tabbatar da ganganci ko sakaci. Saboda haka wurin da aka yi aikin yana da muhimmanci ƙwarai.

Na huɗu, a sami mai gyaran a keɓe, ban da tara masa jama'a a kasuwa. A ce, "Malam, ga abin da aka gano, yaya kake gani za a yi?" A ba shi zaɓi: ya sa sabon kwamfireso da kuɗinsa, ko ya biya ƙimar firizar a ranar da ta lalace, ba kuɗin sabuwa ba.

Idan ya ƙi, sai a je wurin maigidansa a sana'a ko shugaban ƙungiyarsu. Daga nan sai mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, hukumar da jihar Kano ta kafa da doka a 2003. Duk abin da aka daddale a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, sau nawa. Kowa ya sa hannu, har da shaidu.

Kotu ce matakin ƙarshe: ko ta shari'ar Musulunci, ko kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka buɗe a Kano a 2019, wadda ba dole sai da lauya ba. Kafin a shigar da ƙara a yi lissafi. Mutumin Riruwai da zai riƙa zirga-zirga zuwa birni, kuɗin mota kaɗai na iya cinye abin da yake nema, don haka sau da yawa sulhun da aka rubuta a zauren dagaci ya fi masa riba.