Ramin Masai da Rijiyar Maƙwabci

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga Karkarna take, hedikwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi. Wani bawan Allah zai yi wa amarya ɗaki mai banɗaki a ciki, ya kuma mayar da madafi inda tsohon masai yake. Yana tambaya: tunda gidansa ne, sai ya nemi izinin wani?

To Malam, Allah ya sanya alheri. Gida naka ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Kafin magini ya sa diga, leƙa ka ga ko akwai rijiya, taka ko ta maƙwabci. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi sama da inda ake tarar da ruwa. Da damina za ka auna wannan, lokacin da rijiyoyi suka ciko, don awon rani yana yaudara. In filin bai kai ba, je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka taho da duba-gari ya nuna maka wuri. A 2022 aka ayyana jiharmu Jigawa jihar farko a Najeriya da ta bar bahaya a fili. Kada ramin da ya fitar da mu kunya ya kawo amai da gudawa. Mazaunin masan kuma, malamai sun sha faɗa, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Madafi kan tsohon rami kuwa, ni dai ban ba ka shawara ba. Ko an cike shi, ƙasar takan zauna, daɓe ya rufta.

Sai wata Hajiya 'yar Roni da ke haya a bene a Kano, tana son mayar da kicin ɗakin baya. Hajiya, fara da mai gida, a rubuce. A bene ana jera banɗaki kan banɗaki, kicin kan kicin, domin bututu ɗaya ke sauke ruwan kowa. Kika kauce masa, sai an fasa daɓen benen, yoyon kuma kan na ƙasa zai sauka. In aikin zai taɓa ginshiƙi ko bangon da ke ɗauke da nauyi, sai injiniya ya duba, hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ta amince.

Mai haɗa mana sauti yana ɗaga mini hannu. Bayan talla za mu je Gwiwa.